Azumin da Na Bi Sawun Joji a Awali

Azumin bana ya same mu cikin bazara, kuma tun uku ga wata rabonmu da wutar lantarki a unguwa. Jiya da azahar ina kwance a zaure, na jiƙa rawani na shimfiɗa a ƙirji, sai ga maƙwabcina ya shigo yana rantsuwa wai tun da aka halicci duniya ba a taɓa zafi irin wannan ba. Na ce, "Alhaji, don Allah rufe mana baki." Bai ji daɗi ba, ni kuma ban damu ba. Mutumin da bai taɓa azumi a unguwar Harra ta Gabas a Madina cikin watan da dabino ke nuna ba, ban ga dalilin da zai zauna yana ba ni labarin zafi ba.

Shekarun alif ɗari tara da saba'in suna gab da ƙarewa a lokacin. Ina ɗalibin Shari'a a jami'a a Madina, ina rubuta risalar digiri na biyu. Ni da matata Rabi muna zaune a ɗaki biyu a saman wani tsohon gida. Duk unguwar a kan baƙin dutse take, dutsen kuma yana shan rana tun hantsi ya riƙe ta, har bayan magariba in ka taka shi ba takalmi sai ka yi tsalle. Iskar azahar ba sanyi take kawowa ba, samumu ce, mai tsage leɓe ta sa ido ya yi ja. Muna da mukayyif irin na ciyawa, wanda ake ɗura wa ruwa yana huro iska mai laima, amma wuta sai ta ga dama, ruwa kuma sai motar tanki da suke kira wayit ta shigo layinmu. In ta yi kwana biyu ba ta zo ba, Rabi takan raba abin da ya rage: wannan na alwala, wannan na kunu, wannan na jiƙa zanen gado mu lulluɓa. Zanen yakan bushe kafin in gama karanta shafi ɗaya.

Abokaina duk sun tafi hutu gida. Ni abin da ya zaunar da ni, sunan mahaifina ne.

Mahaifina alƙali ne a garinmu zamanin Turawa. Ina ɗan shekara huɗu aka tuɓe shi. Shari'ar wata gonar fadama ce. Wani attajiri ya rasu, 'yan uwansa suka ce gonar gado ce, mahaifina ya yanke cewa ta wani saurayi ce ɗan tireda, wanda ba abin da ya haɗa shi da gidan. Suka ɗaukaka ƙara, magana ta je gaban wani Joji Bature, ya rushe hukuncin, ya rubuta cewa alƙalin ya kasa faɗin dalilinsa. Mutanen gari suka yi wa maganar fassarar da suka ga dama, aka ce alƙali ya ci hanci. Rawani ya tafi, ɗalibansa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a zaure shekara tara ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, har ya rasu bai taɓa ce mana uffan a kan maganar ba. Inna, mahaifiyata, ita ta sha habaicin duk inda mata suka taru. Ranar da zan tafi Madina ta kama hannun rigata ta ce, "Abba, tun da karatun shari'a za ka yi, ka samo mini abin da zan nuna wa mutane."

Shi ya sa na cusa babi guda a risalata a kan yadda kotunan Turawa suka riƙa rushe hukuncin alƙalanmu, na sa shari'ar mahaifina a tsakiya. Shehin da ke duba mini aikin, wani Bamisire mai gajen haƙuri, ya karanta ya tura mini takardun da ɗan yatsa. Ya ce wannan fushi ne, shi kuma hujja yake so. Ya ba ni zuwa bayan Sallah, ko in kawo shaida ko in cire babin.

Wani abokina da ke karatu a Ingila ya aiko mini da littafin tarihin Jojin ta hannun wani mai Umra. Littafi ne jibgege, Turancina kuwa na gurgu ne, sai da ƙamus a gefe. Haka nake zama a ƙasa, daga ni sai gajeren wando, gumi yana ɗiga a kan takarda, ina bin rayuwar mutumin da na tashi ina tsine wa. An haife shi a gidan sarauta, gida mai ɗakuna fiye da na layinmu gaba ɗaya, da dawaki da daji nasu na kansu. Shi ne ɗa na biyu. A al'adarsu babban ɗa ke kwashe sarauta da gida da ƙasa, na biyu sai ya nemi abin yi, ko soja, ko coci, ko shari'a. Na ce wa Rabi, "Ki ji fa mutanen da suka zo gyara mana rabon gado!" Ya yi karatu ya zama lauya, ya yi yaƙi, aka turo shi ƙasarmu ya yi 'yan shekaru yana joji, ya koma. Daga nan sai hawa, daga wannan kotu zuwa ta sama da ita, har ya kai ƙoli. Wansa ya mutu ba ɗa namiji, sarautar ma ta dawo hannunsa. Ya zauna a majalisar masu sarauta, aka ba shi riƙon harkar shari'ar ƙasarsu duka. Abin da ya yi suna a kai kuwa abu ɗaya ne: ya dage duk rayuwarsa cewa kada alƙali ya yanke hukunci sai ya rubuta dalili, yadda wanda ya faɗi zai karanta ya san abin da ya kayar da shi. Ya mutu tsoho tukuf a gidan kakanninsa, ana ta yabo.

Zamansa a ƙasarmu bai cika shafi biyu ba a littafin. Zazzaɓi, zafi, wasan dawaki, sai wani alƙali da ba a ko faɗi sunansa ba, wanda aka tambaye shi dalilin hukuncinsa ya yi shiru. Mai littafin ya nuna cewa daga ranar nan Jojin ya ƙudurce abin da ya rayu a kai. Wato mahaifina ne tsanin da ya taka ya hau. Na yi jifa da littafin ya bugi bango. Rabi ta leƙo daga kicin, ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, "Malam, Baturen nan ya mutu, kai kuma da bakin azumi kana neman ka bi shi."

Wata Juma'a bayan an sauko daga Harami, wani tsohon Bakano mai sayar da carbi ya ji abin da nake nema. Ya ce ai tafintan Jojin nan yana raye, yana Awali, unguwar gonakin dabino a gefen Madina. Malam Habu sunansa. Bayan tafiyar Turawa ya biyo hanyar Sudan ya zo Hajji, ya ƙi komawa. 'Yarsa tana auren wani Bakur, jikan Takaru, mutanenmu da suka daɗe da zama a ƙasar, haifaffen nan, mai gonar dabino.

Ran huɗu ga azumi na je. Daga inda mota ta ajiye ni na bi tsakanin katangun laka, ina jin bugun injin ban-ruwa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da rabona da shi tun gida. Na same shi zaune kan tabarma a inuwa, siriri, ido ɗaya ya yi fari, yana tsintar dabino. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina da na garinmu. Hannunsa ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallona da ido mai gani.

"Goshinsa ne da kai," ya ce. "Allah ya ji ƙansa."

"Amin, Baba. Ranar shari'ar nan nake so ka ba ni labari."

"A cikin azumi? A garin Manzon Allah? Ɗana, na baro shari'a a can bayan teku."

Na roƙe shi, na kawo maganar Inna, na kawo ta Shehi da wa'adinsa. Ya ci gaba da tsinta kamar da bishiya nake magana. Can ya ce, "Ka iya hawan dabino?"

"Ban iya ba."

"Tsinta fa?"

"Sai in koya."

"To. Mutum biyu sun tafi Umra sun bar mu, ɗanyen dabino kuwa ba ya jira. Ni ba na hira da wanda hannunsa ke zaune. Gobe bayan asuba ka zo."

Haka na zama lebura da digirina. Ana idar da sallar asuba zan tsaya a bakin titi, Bakur ya ɗauke ni a bayan a-kori-kurarsa tare da wasu Yamalawa biyu da wani mutumin Chadi. In na yi masa Hausa ya amsa da Larabci, yana dariya, yana ce mini ya shaikh. Yamalawan ke hawa. Su ɗaura igiya a ƙugu, su zagaya ta jikin bishiya, su haye ba takalmi, su riƙa tsinko nunannun suna zuro kwando. Mu a ƙasa mu karɓa, mu kai inuwa, mu zube a tabarmi. Sai a ware: wanda ya nuna luguf, wanda rabinsa zuma rabinsa rawaya, da wanda tsuntsu ya fara. Ƙayar dabino ta soke ni a tafin hannu tun ranar farko, hannun ya kumbura kwana uku. Rina tana yawo a kanmu. Amma duk wannan bai kai zumar da ke manne wa yatsa ba. Kana jin yunwa tana murɗa ciki, ga ƙamshi a hanci, ga yatsunka goma suna naso, ba dama ka lasa. Ga kuma ruwa yana gudu a magudana dab da ƙafarka, garai-garai, mai sanyi, maƙogwaronka kuwa ya bushe har haɗiyar miyau ciwo take. In rana ta ɗaga, mutumin Chadin nan yakan shiga magudanar da kayansa ya kwanta, kai kawai a waje. Kwana biyu ina ganin abin ƙasƙanci ne ga ɗalibin ilimi, a na uku na kwanta kusa da shi.

Baba Habu kuwa ya cika alkawari, yana hira. Sai dai ba hirar da na zo nema ba.

"Ka san hular nan tasu ta shari'a gashin doki ce? Ni ke shanya masa ita. In ya cire, kansa kamar an tsamo shi daga rijiya, amma bai taɓa zama ba ita ba."

"Baba, ranar da mahaifina ya zo fa?"

"Muna zuwa. Miƙo kwandon can."

Washegari sai ya ɗauko yadda Jojin ke rubutu. Duk kalmar da aka faɗa a kotu sai ya rubuta da hannunsa, yana ce masa, Habu, a hankali. Shari'ar jaki ɗaya takan cinye yini. Wata rana kuma labarin wani hakimi da ya aiko masa da rago da Sallah, ya sa aka mayar da ragon da wasiƙar ban-haƙuri a ɗaure a wuya. Wata rana yadda yakan zo kotu da zazzaɓi yana karkarwa. Wata rana yadda in azumi ya kama yakan rufe ƙofa kafin ya sha shayinsa, don kada ma'aikata su gani. Na ƙule. Na ce, "Baba, ni fa ban baro gida cikin wannan rana don in ji yabonsa ba."

"Wa ya ce maka yabo ne? Yana da nasa aibin. Shekarunsa a ƙasarmu bai taɓa zama kan tabarma ba, bai koyi gaisuwa ba, bai taɓa shiga gidan kowa ba. Abin da ba a rubuta ba, a wajensa bai faru ba. Ka bar wancan, tsuntsu ya fara shi."

Kafin walaha ta yi nisa a tashi, ya kakkaɓe riga ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu."

Nakan isa gida wajen azahar, in haye benen nan da ƙyar, in zube. Rabi tana fama da nata. Geron kunu sai ta je wajen wata tsohuwa daga cikin Takaru a ƙarshen layi, in an samu a ba ta ɗan kaɗan, in ba a samu ba mu sha shurba, miyar hatsi irin ta mutanen gari, wadda har na bar ƙasar ban saba da ita ba. Ta jiƙa tsamiya, ta jera tulunan ƙasa a taga ko ruwan ya ɗan huce. Daga la'asar ba mai magana da wani, kowa yana jin da kansa, har a buga igwar shan ruwa. Lokacin kuma a gida marka ake yi. Wata rana tana fifita da murfin tukunya ta ce, "Malam, yanzu fa a gida ruwa na zuba ta indararo, ana gasa masara a bakin hanya." Na ce in ta ƙara ambaton ruwan sama a ɗakin nan za mu ɓata. Yaran yanzu da ke zuwa Umra su sauka a bene mai sanyi, su dawo suna cewa Madina akwai ni'ima, gaskiya suka faɗa, sai dai ba su ga tulun Rabi a taga ba.

Ran sha bakwai na ce na gaji, ba zan koma ba, tsohon nan aikin banza ya samu yana ja mini rai. Rabi ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "To kar ka koma. Sai ka rubuta wa Inna ka ce rana ta yi yawa." Washegari ina bakin titi kafin Bakur ya iso.

Ran ashirin da huɗu samumu ta taso tun da safe, abin da ba ta saba ba. Ganyen dabino yana ƙara, Yamalawan suka sauko suka ce ba za su iya ba. Ni ina ɗauke da kwando na ji ƙasa ta juya. Da na farfaɗo ina jingine da bishiya, rigata sharkaf, Baba Habu yana zuba mini ruwa a ka da gwangwani. Ban ko gode masa ba.

Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, wasa kake yi da ni? Kwana ashirin! Na san hularsa, na san shayinsa, na san ragonsa. Sallah saura kwana shida. In ba za ka faɗa ba ka ce ba za ka faɗa ba, in san na yi asara."

Ya ajiye gwangwanin. Ya yi wa su Bakur alama da hannu, suka ja baya can wajen inji. Ya zauna a gabana a kan ƙasa.

"Mahaifinka ya cire takalmi a ƙofar kotu," ya ce. "Aka ba shi kujera, ya zauna a ƙasa. Aka buɗe littafin shari'arsa, layi uku ne da Larabci: sunan masu ƙara, sunan gona, sai cewa abu ya tabbata a gabansa da shaidu biyu adalai. Ka san haka alƙalanmu ke yi, ba su cika takarda da asirin mutane. Joji ya ce su wane ne shaidun? Ya ce ya san su, ya kuma tantance su. Me suka ce? Ya ce sun faɗi abin da ya isa. Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya. Joji ya ɗage zama."

"Wannan na sani."

"Ga wanda ba ka sani ba, littafinka ma bai sani ba. Sau uku yana aikena masaukin mahaifinka. Ya ce in gaya masa ba ya son rushe hukuncin, amma dole a kawo shaidun, 'yan uwan mamaci su ji da kunnensu, su yi musu tambaya, a rubuta. A zuwa na uku mahaifinka ya zaunar da ni, ya sa na yi alkawarin ba zan kai wa Joji ba, sannan ya gaya mini. Attajirin nan ya ba ɗan tiredan gonar kyauta tun da ransa, ya damƙa masa gaban mutum biyu. Kyauta ta inganta, hukunci daidai ne. Amma in aka tsayar da shaidun nan a kotu, tambayar farko ita ce, me ya haɗa attajiri da ɗan wani har ya ba shi fadama sukutum? Su kuma sun san amsar, don ya gaya musu yana kuka. Ɗansa ne. Uwar kuma matar aure ce a lokacin. Saurayin yana amsa sunan mutumin da ya rene shi, shi kansa bai san komai ba."

Na san ɗan tiredan, kowa a garinmu ya san shi, ya zama Alhaji, 'ya'yansa mata suna gidajen aure. Na san uwarsa. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa a bayan masallacin Juma'a. Na sha durƙusa mata in gaishe ta, ta sa mini albarka.

"Na roƙe shi," in ji Baba Habu. "Na ce Malam, rawaninka fa. Ya ce, Habu, in aka tuɓe ni gida ɗaya ne zai ji kunya, kuma nawa ne. In na buɗe baki gida uku ne, kuma ba nawa ba. Na koma na ce wa Joji ya ƙi magana. Ya daɗe riƙe da alƙalami bai rubuta komai ba. Ya ce mini shi bai ga alamar ɓarawo a fuskar mutumin nan ba, amma ba zai tabbatar da abin da ba a nuna masa ba. Sai ya rubuta abin da ya rubuta. Maganar hanci ba shi ya faɗa ba, mutanenku ne."

"Gonar fa?"

"Ta koma hannun 'yan uwan."

"Wato ba gona, ba rawani."

"Ba gona, ba rawani. Matar dai ta tsufa a ɗakinta."

Na zaro ɗan littafina daga aljihu, ya jiƙe. Baba Habu ya dubi littafin.

"Ɗaya daga shaidun yana da rai," ya ce. "In ka je masa da sunana zai yi magana, zai sa hannu. In babu shi, labarina hirar tsoho ce, Shehinka ba zai karɓa ba, mutanen garinku ma haka. Da shi, ka wanke mahaifinka tas. Na ja ka kwana ashirin ne ina so in ga irin mutumin da kake, ban kuma gama gani ba, kwanana kuwa ba su da yawa. Kai ne ɗansa, kayan naka ne. Ka ce in faɗi sunan, in faɗa."

Wallahi na so in ce faɗa. Kalmar tana bakina. Na tuna zauren nan, da ɗaliban da suka gudu, da yadda aka taɓa hana wata yayata miji saboda sunan gidanmu. Na ji haushin Jojin da ya san mutum ba ɓarawo ba ne ya kuma sa hannu. Na ji haushin tsohon da ya riƙe wannan shekara da shekaru ya zo ya sauke mini a ka da bakin azumi. Wanda na fi jin haushi kuwa mahaifina ne, da ya zaɓa wa kansa, ya zaɓa mana, bai shawarci kowa ba. Duk da haka na kasa ɗora alƙalami a kan takarda. Fuskar tsohuwar nan ta ƙi barin idona.

Na ce, "Bari, Baba."

"Ka tabbata? Ba zan sake yi maka tayi ba."

"Na ce ka bari!"

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na tashi ban yi masa sallama ba, na fita daga gonar, na kama hanya a ƙasa cikin samumu. Bakur ya biyo ni da mota yana kira, ya shaikh, ya shaikh, na yi tafiya mai nisa kafin na yarda na hau.

Bayan Sallah na cire babin. Shehi ya ce ahsan, risala ta fi tsafta haka. Na koma Awali sau biyu na gaida Baba Habu, na ba shi haƙuri, muka yi hirar dabino. Kafin aikin Hajji ya rasu, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ko yanzu da nake wannan rubutu, duk waɗanda abin ya shafa sun daɗe a ƙasa, amma ban faɗi sunan garin ba, ba kuma zan faɗa ba. Ba na cewa na yi abin kirki. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Shekara ta zagayo na je gida. Inna ta bari aka gama gaishe-gaishe, baƙi suka watse, ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Abba, ka samo?"

"Na samo, Inna. Bai ci ba. Ko ƙwayar gero bai ci ba."

"Wannan ai na sani tun kana goye. Abin nunawa nake tambaya."

Na sunkuyar da kai. Ko labarin ba zan iya ba ta ba, don in na ba ta, ita ma sai ta zaɓa, kuma tsohuwar tana nan bayan masallaci da farantin daddawarta.

"Akwai, ko babu?"

"Akwai, Inna."

"Yana ina?"

Na yi shiru. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Ba ta yi kuka ba.

"Shekara da shekaru duk wadda ta yi mini habaici nakan ce mata ta jira, ɗana na nan zuwa da takarda," ta ce. "Ashe shirun ka je ka karanto. Tashi ka ba ni wuri, zan yi salla."